Ɗinkin da Aka Auna a Jikin Wani

Wata gardama ta shigo gidajen Zango a nan Wagadugu cikin 'yan shekarun nan, irin wadda kakanninmu ba su san da ita ba. Saurayi ne zai shafe wata takwas ko shekara yana tara kuɗi, daga gyaran waya, ko tsaron shago a kasuwar Rood Woko, ko ɗan abin da yayansa ke aiko masa daga Abijan. Ranar da kuɗin suka cika sai a gan shi ya shigo da kwalaye a bayan babur. Bai sayi fili ba, bai fara haɗa lefe ba. Kwamfutar wasa zai haɗa da hannunsa, ya gyara mata tebur, ya zagaye ta da fitilu masu canza launi. Daga ranar gida ya rabu biyu ke nan. Uba ya ce almubazzaranci ne, ɗa ya ce ba a fahimce shi ba, uwa kuma tana tsakiya tana ba kowa haƙuri.

Tambayar ta cancanci a zauna a kanta, domin amsoshin da ɓangarorin biyu ke bayarwa duk sun yi gaggawa.

Hujjar dattawa gajeruwa ce: abin wasa ne, kuɗin da aka zuba a wasa kuwa asara ne. Sai dai ni a Zango na tashi, kuma na ga dattawa da nasu wasan. Na san masu kiwon tattabaru da za su sayi guda biyu a kuɗin cefanen mako, ba don yanka ba, don kawai su ga yadda suke juyi a sama da la'asar. Na san masu dara da ke wuni a gindin bishiya. Kakanninmu da suka sami hali sun yi wa doki jalala da linzami mai ado, dokin kuwa bai san ana yi ba. Ɗan Adam ba ya rabuwa da abin da zai huta da shi, kowane zamani da irin nasa. In dai don kalmar wasa ce kawai za a yanke hukunci, to da mai tattabaru za a fara.

Hujjar samari ita ma ba ta fi ta dattawa ƙwari ba. "Ai sana'a ce, Baba. Da ita ake zanen gini, da ita ake haɗa bidiyo, akwai masu cin kuɗi a gasar wasanni." Duk wannan akwai, ba a musu. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin masu wannan magana ƙwallon EA Sports FC da GTA V za su buga har a kira assalatu. Wanda kuma ya sa wa wasansa rigar sana'a kafin ya fito da shi gaban mahaifinsa, ya riga ya yarda a ransa cewa wasan abin kunya ne. Da ya ce, "Baba, ina son abin nan, shi ke hutar da ni, kuma ga iyakar abin da zan kashe," da an sami wurin fara magana.

Malamanmu sun koya mana cewa almubazzaranci ba a yawan kuɗin da aka kashe yake ba. Attajiri zai iya kashe miliyan bai yi barna ba, talaka ya kashe jika biyar ya yi barna. Abin da ake dubawa shi ne ko an ƙetare gwargwado, ko an sa dukiya inda ba wurinta ba, ko an tauye haƙƙin wani don a biya wa rai buƙata. Ke nan maganar awo ce. Abin sha'awa kuwa, haɗa kwamfuta shi kansa daga farko har ƙarshe aikin awo ne.

Bari in yi wa wanda bai taɓa leƙa cikin akwatin ba bayani. Akwai babban allo da ake kira uwar allo, wanda komai a kansa yake hawa. A tsakiyarsa furosesa yake zaune, shi ne mai lissafi. Kusa da shi akwai ram, wadda take kamar faifan da mace ke baza abin da take aiki a kai yanzu-yanzu, in faifan ya yi kaɗan sai aiki ya riƙa tsayawa. Akwai ma'ajiya, rumbun da komai ke kwana a ciki. Akwai akwatin wuta mai karɓar lantarki daga bango ya raba wa kowa rabonsa. Sannan ga katin hoto, wanda shi ke zana duk abin da ido zai gani a gilashi, sau da dama a cikin daƙiƙa guda. Shi ne mafi tsada, shi ne mafi cin wuta, kuma a kansa ake yawancin rigimar.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake ƙerawa a Burkina. Ƙwayoyin da ke cikinsu akasari daga masana'antun Taiwan da Koriya ta Kudu da Amurka suke fitowa. Abin da ya sa yaron Zango zai iya ɗauko wannan daga wani kamfani, wancan daga wani, su zauna lafiya a akwati guda, tarihi ne da ya faro tun 1981, lokacin da IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur da kayan da ya sayo daga wasu kamfanoni, ya kuma buga bayanin yadda aka haɗa ta. Wasu suka kwaikwaya, kasuwa ta buɗe. A 1995 Intel ya fitar da tsarin ATX, wanda ya tsayar da girman uwar allo da inda ramukan noti za su kasance. Tun daga nan mai haɗa kwamfuta ya zama tela. Tela ba ya saƙa. Masaƙiya ce ke saƙa Faso Dan Fani, shi nasa ya auna kafaɗa da hannu da tsawo, ya yanka, ya ɗinka. Gwanintarsa duka a igiyar awon take.

A garin nan ɗinkin yakan fara ne da gwanjo. Kwamfutocin ofisoshin Turai da suka gama aiki, waɗanda muke ce wa "France au revoir", suna sauka a tashoshin Lome da Tema da Abijan, manyan motoci su hauro da su. Yaro zai sami tsohuwar Dell OptiPlex ko HP, ya ƙara mata ram daga giga 4 zuwa 16, ya cire tsohon faifai mai juyawa ya sa SSD, sannan ya nemo ƙaramin kati irin GTX 1050 Ti, wanda wat 75 kawai yake ci kuma yawanci ba ya neman wata waya daga akwatin wuta. A nan zai gane cewa siririyar akwati ba ta karɓar kati mai faɗi, kuma wasu kamfanonin sun yi wa akwatin wutarsu soket nasu na kansu don kada a canza. Zai yi kuskure, zai koma shago, zai tambayi wanda ya riga shi. Ranar da ya danna maɓalli, fanka ta juya, hoto ya fito, wani abu ya fita daga ransa wanda ba zai dawo ba: tsoron na'ura.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne ya sa ba na cikin masu yi wa aikin kuɗin goro. Mun saba da kayan da ake kawo mana a rufe. Wayar da ke aljihunka da gam aka manne ta, batirinta ma sai ka nemi mai zafafa baya kafin a ciro. In ta lalace sai ka ce kwananta ya ƙare, kamar mai rai. Yaron da ya saba buɗe akwati ba ya faɗin haka, shi tambayarsa ita ce wane ɓangare ne ya mutu. Matasan OuagaLab a nan garin sun nuna iyakar inda wannan tunani ke kaiwa, da suka riƙa haɗa kwamfutar da ake kira Jerry daga tsofaffin kaya, a cikin jarka irin ta ɗiban ruwa. Wanda ya ga kwamfuta tana aiki a cikin jarka ba zai sake ɗaukar ta a matsayin sihirin Turawa ba.

To, ina matsalar take? Tana wurin jikin da aka auna.

Yawancin yaranmu a YouTube suke koyo, daga mutanen da ke zaune a Kanada da Amurka da Faransa. Bayaninsu na fasaha daidai ne. Amma awon da suke bayarwa na jikinsu ne: ɗaki mai sanyi, wutar da ba a ɗaukewa, iska mara ƙura, intanet da ke kusa da cibiyar wasan. Yaro ya kwafe jerin kayan nan kaf, ya ɗinka riga, ya zo sa wa ɗakin Zango, sai a ga hannu ya yi tsawo, wuya ya shaƙe.

Ɗauki wuta. Ƙaramar mitar da SONABEL ke ba masu ƙaramin ƙarfi ta amper 3 ce. A lantarkinmu mai volt 220, wat 660 ke nan gaba ɗaya, na gidan duka. Katin RTX 4090 da Nvidia ya fitar a Oktoban 2022, shi kaɗai wat 450 yake nema, ba a sa furosesa da gilashi da sauran ba. Ko ba a kai ga wannan dodon ba, na'urar da ke jan wat 500, in ta yi awa 5 a rana, kilowat-awa 75 za ta sha a wata. Fankar tsaye wajen wat 50 take ci. Wato yaro guda yana zaune yana shan wutar fanka goma. Kuma duk wat ɗin da ya shiga akwatin nan, zafi yake zama ya fito ɗaki. A watan Afrilu, da zafin Wagadugu ke kai digiri 40 har ya wuce, kwano ya gasu tun hantsi, sai ga murhu na biyu a ƙarƙashin tebur. Furosesa in ya doshi digiri 95 ko 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ka ga an biya kuɗin ingarma, ana hawan alfadari.

Da a ce kowa da mitarsa, da sai a ce jiki magayi. Amma tun da aka fara rushe tsohon Zango, wanda ake kira Zangwetin, a 2003 saboda shirin ZACA, aka watsa iyalai zuwa Nioko da wajajen Waga 2000, da yawa daga cikinmu a gidajen haya muke, ɗaki biyar ko shida a kan mita guda, a ƙarshen wata a raba kuɗi bisa ƙirgen kwan fitila da fanka. A shirin kiran waya da nake gabatarwa, wata baiwar Allah mai sayar da zoɓo da ƙanƙara ta taɓa bugowa. Ta ce, "Malam, ni ban san abin da yaron nan yake yi a ɗaki ba, kuma yaron kirki ne, yana gaishe ni. Amma duk daren da ya kunna abinsa sai mita ta yanke, in wayi gari ƙanƙarata ta zama ruwa." Na ce, "Inna, kin yi masa magana?" Ta ce, "Da wane baki? Tare muka yi goyo da uwarsa."

A nan ne nake ganin almubazzarancin gaskiya ya fara, kuma ba shi da alaƙa da cewa wasa ake yi. Da ɗinki yake yi da injin mai shan wuta haka, hukuncin ɗaya ne. Kuɗin da ya saya kati nasa ne, amma wutar da ke tafiyar da katin ta gida ce, kuma wadda ta fi kowa rauni a gidan ita ke biya, da jarinta da kuma kunyarta. Maganin ba shi da wuya. Akwai ƙaramar mita da ake ɗaura wa ɗaki guda don kowa ya biya abin da ya sha, kuɗinta bai kai na fitilun ado ba. Saurayin da ya fara sayen ta kafin ya sayi kati, ni a wurina ya fi wanda ya haddace sunayen furosesa ɗari sanin aikin.

Haka sauran awon yake. A lokacin zafi ana ɗauke wuta, kowa ya sani, kuma yankewar wuta ba zato tana iya lalata abin da ake ajiyewa, dawowarta da ƙarfi tana iya kashe akwatin wuta. Don haka ondilar, wato batirin nan mai riƙe na'ura na 'yan mintoci har a kashe ta cikin natsuwa, ya riga kujera mai ƙafar taya muhimmanci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin ko cikin kunne, balle akwati mai fanka shida da ke zuƙar iska. Mai hankali raga yake sa wa, ya ɗaga akwatin daga ƙasa, ya riƙa buɗewa yana hurewa. Intanet kuma nata daban ne. Cibiyoyin yawancin wasannin da ake bugawa da mutanen nesa a Turai suke, tsakaninmu da Paris kuwa wajen kilomita 4,000 ne a miƙe, kuma saƙon ba a miƙe yake tafiya ba, sai ya gangara gaɓar teku ya bi wayoyin ƙarƙashin ruwa. Wannan jinkirin babu katin da ke maganinsa. Fataken da suka kafa Zango a kan hanyar goro sun san cewa ayari da tafiyar jakin da ya fi rauni yake tafiya. A kwamfuta ma haka ne, sai dai a garinmu raunannen jakin sau da yawa ba a cikin akwatin yake ba.

Sai maganar ado, wadda ta fi ba dattawa haushi. Tebur mai faɗi, gilashi biyu, kibod mai walƙiya, akwati mai gefen gilashi don a ga cikinsa, fitilu daga shuɗi zuwa ja zuwa kore. Da na fara ganin irin wannan ɗaki abin da ya faɗo mini a rai shi ne jeren iyayenmu mata. Wanda ya shiga ɗakin amarya a da ya san yadda ake jera tasoshi da kwalla da langa tun daga ƙasa har rufi, a goge suna ƙyalli, mafi yawansu ba a taɓa zuba musu miya ba. Maza sun daɗe suna yi wa mata dariya a kan haka. Yau ga 'ya'yansu maza suna nasu jeren, har da ɗaukar hoto a tura wa abokai. Ban ga laifin son kyau ba. Saurayin da ke kwana a ɗaki ɗaya da ƙannensa uku, in ya sami kusurwa guda da ya tsara da hannunsa, wadda in ya zauna yake jin shi ma wani ne, ba zan zama mai hana shi ba.

Amma jeren mata yana da wani sirri da na samari ba shi da shi. Banki ne. In shekara ta yi tsanani, ko aka tashi aurar da 'ya, sai a sauke kwalla a sayar ko a ba ta gado. Tasa ba ta tsufa don an yi sabuwa. Katin hoto kuwa tun ranar da aka sanar da magajinsa darajarsa ke zubewa, ko da bai yi tari ba. Sannan akwai adon da ke cutar da mai shi: akwatin da aka toshe gabansa da gilashi don kyau, iska ta rasa hanyar shiga, a garin da iska ita ce rai. Wanda ya zaɓi wannan a kan mai raga, ya gaya mana da bakinsa cewa don masu kallon hoto ya haɗa. Riya ba a masallaci kaɗai take ba, tana hawa tebur.

Inda na fi jin tsoro shi ne abin da ake kira haɓakawa, wato canza wani ɓangare da wanda ya fi shi. Ita ce falalar kwamfutar haɗi, ita ce kuma tarkonta. Falala ce domin ba sai ka yar da duka ba. Wanda ya sayi uwar allo mai gurbin AM4 na kamfanin AMD wajen 2017, da yawa sun iya ɗora mata furosesan da ya fito a 2022, suka ci gaba da aiki. Wannan tattali ne, irin na mai ƙara wa tsohon gida ɗaki. Tarkon kuma shi ne, tunda kowane ɓangare yana canzuwa, babu ranar da za a ce an gama. Ka canza kati, sai a ce furosesa ya yi masa kaɗan. Ka canza furosesa, sai uwar allo ta ƙi shi. Ka canza ta, sai ram ɗin da ke hannunka ta zama tsohon yayi. Sabon gilashi kuma yana jiran ka a gaba.

Ido yana ganin bambanci tsakanin hoto 30 a daƙiƙa da hoto 60, wannan ko kaka za ta shaida. Daga 60 zuwa 144 mai wasan sauri yana ji a hannunsa, in gilashinsa na iya nunawa. Daga nan gaba, yawancin mutane sai sun kunna wata 'yar lamba a kusurwar gilashi kafin su san an sami ƙari. Na sha ganin samari suna wasa idonsu na kan lambar nan, ba a kan wasan ba. Abin da suka saya don ya hutar da su ya koma ma'aunin abin da suka rasa. Alhali katin GTX 1060, wanda ya fito a 2016, ya yi kusan shekara biyar yana kan gaba a ƙididdigar da dandalin Steam ke yi ta na'urorin masu wasa a duniya. Wato ko a ƙasashen masu kuɗi, yawancin mutane da matsakaicin kaya suke wasa. Waɗanda muke gani a bidiyo 'yan tsiraru ne, kuma da yawansu kamfanoni ne ke aika musu kayan. RTX 4090 ɗin nan dala 1,599 aka sa masa da ya fito, sama da sefa miliyan ɗaya a canjin lokacin, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, bayan ƙarin 2023, sefa 45,000 ne a wata. Kusan albashin shekara biyu ke nan a kan kati guda.

Nan ne ake kawo maganar wadatar zuci, kuma ina kaffa-kaffa da ita, don na ga yadda ake amfani da ita a rufe wa yaro baki. Wani dattijon da ya canza mota sau uku zai ce wa ɗansa ya yi wadatar zuci da tsohuwar wayar da ya bar masa. Wadatar zuci ba ta hana mutum neman abin da ya fi. Abin da take nema shi ne buƙatar ta taso daga wurinka. Gwajin da nake ba samari mai sauƙi ne. Kafin ka leƙa kasuwa, kafin ka kalli bidiyon sabon kaya, za ka iya faɗin abin da na'urarka ta kasa yi maka a makon nan? In ka ce wasa kaza yana tsinkewa, ko bidiyon bikin da na karɓi aikinsa yana cin dare guda kafin ya fita, to kana da ciwo, nemi magani. In kuwa jiya lafiya lau kake da ita, yau da ka ga sanarwa ta zama juji a idonka, to ba na'urar ce ta canza ba. Kwamfutar da nake yanka murya da ita a wurin aiki ta girmi wasu masu saurarona na makarantar firamare, kuma har yau labarai ba su taɓa makara saboda ita ba.

Akwai kuma haƙƙin da ake mantawa da shi. Duk wanda ya haɓaka, tsohon kayansa wani zai saya, kuma yawanci aboki ne ko ƙanen aboki. A 2017, sannan daga 2020 zuwa 2021, masu haƙar kuɗin intanet sun kwashe katunan hoto a duniya har farashi ya yi tashin gwauron zabi. Da Ethereum ya daina amfani da wannan hanyar haƙa a Satumbar 2022, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwar gwanjo. Wasunsu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji, wasu sai sun yi zafi suke nuna halinsu. Mai sayarwa ya sani, mai saye ba zai gani ba a gwajin minti biyar a shago. Wanda ya goge kati ya ce "ɗan amfani kaɗan aka yi da shi", alhali ya san yana yayyafa wa hoto ɗige-ɗige bayan awa guda, shi da mai zuba tsakuwa a buhun gero duk algus suka yi. Ilimin da buɗe akwati ya ba shi, shi ne ya ɗora masa nauyin faɗin aibi, don yanzu ba zai ce bai sani ba. Kuma kayan za su ƙaru. Tun da Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, ofisoshin Turai suna ta sauke na'urorin da Windows 11 ya ƙi karɓa, mun kuwa san inda irin waɗannan ke sauka.

Na bar abu guda a ƙarshe, domin ina zaton shi ne ainihin abin da ke damun iyaye, ko da kuɗi suke ambata. Haɗa na'ura kwana biyu ne. Zama a gabanta shekaru ne. Uban da ke faɗa a kan jika ɗari uku, in ka tona, abin da ya gani shi ne ɗansa ya daina fitowa tabarmar ƙofar gida, yana makara sallar asuba, idonsa ja a hanyar makaranta. Wannan asarar babu shagon da ke sayen gwanjonta. Kwamfutar wasa kuwa ta fi kowace na'ura a gida son ƙirge. Tana faɗin zafin furosesa, da saurin fanka, da wat ɗin da kati ke sha, da hoto nawa ne a daƙiƙa. A Steam, kusa da sunan kowane wasa, akwai wata lamba da ke nuna awa nawa aka yi ana buga shi tun ranar farko, da wata ta makonni biyun da suka wuce. Uban da bai san ram ba, bai san uwar allo ba, wannan lambar zai iya karanta ta. Ita zan so ya ce a nuna masa, su zauna shi da ɗansa bayan isha'i, su raba ta da 24, su ga kwana nawa ta bayar.